Na Faɗaɗa Masa Ƙofa

Litinin, da yamma

Yaya ya yanke hukunci. A barandar asibiti ya tsayar da ni, hannuwa a baya, ya ce idan an sallami Maigida gidansa za a wuce da shi. Wai gidanmu bai dace ba. Ƙofar banɗaki ta yi ƙanƙanta, kujerar da za a riƙa tura shi a kai ba za ta shiga ba, babu abin da mutum zai dafa, kuma ni kaɗai ce a gidan. Shi ne babban wan mijina, kunnensa bai saba jin a'a ba.

Na ce, "Yaya, in ƙofa ce matsalar, ai ana faɗaɗa ƙofa."

Ya ce, "Wa zai faɗaɗa? Ke?" Ya yi 'yar dariyar da ake yi wa yaro in ya ce zai tuƙa jirgi.

Likita ya ce sallama sai nan da 'yan makonni. Kujera mai taya nake ce mata, ɗayan sunan ba zai fito daga bakina ba. Maigida kuma gidansa zai dawo.

Talata, da hantsi

Na kira magini. Ya zo, ya leƙa banɗaki, ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, sannan ya ce da wa zai yi magana. Na ce da ni. Ya sosa ƙeya ya ce bari ya fara jin ta bakin Yaya tukuna, tunda shi yake ba shi aiki a gidajensa. Na buɗe masa ƙofar waje da kaina, har na yi masa Allah ya kiyaye hanya.

Laraba, bayan na dawo daga kasuwa

Na rufe shagon ɗinki, na gaya wa masu kaya su yi haƙuri. Wadda ba za ta iya haƙuri ba ta zo ta ɗauki yadinta.

Layin masu kayan gini ban taɓa shigarsa ba sai yau. Na zaɓi shagon wani dattijo don shi kaɗai ne bai bi ni da ido ba. Na ce injin huda bango nake so. Ya ce wa zai yi aiki da shi, na ce ni. Sai ya sauko da wani ɗan mitsitsi mai batir, kyakkyawa da shi, ya ce, "Hajiya, wannan shi mata suka fi saye. Na labule da rataya hoto."

Na ce, "Baba, ba hoto zan rataya ba. Ƙarfe zan kafa wanda namiji zai dafa da dukkan nauyinsa."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Bai tambaye ni wane namiji ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya mayar da ɗan mitsitsin, ya fara tambaya kamar likita. Bangon na bulon siminti ne? Akwai tayil? Wutarku tana zama? Ya ce mai batir ba shi da nauyi, amma irin wanda zai ci siminti a cikinsu ya fi ƙarfin aikina. Mai waya ba ya gajiya, sai dai in an ɗauke wuta ka zauna. Na ce zama da jiran wuta ai sana'ata ce, ba yau na fara ba.

Ya nuna mini wani maɓalli mai hoton guduma. In an kunna shi, injin yana juyi yana duka a lokaci ɗaya, da haka yake cin siminti. Amma a kan tayil a kashe shi, in ba haka ba tayil ya tsage. Bakin huda ma kowane da nasa, na katako daban, na bango daban, na tayil mai kai kamar mashi. Ya ba ni inji uku in ɗaga zuwa tsayin kafaɗa in riƙe. Na farko hannuna ya fara rawa. Na biyu ya zauna. Ya fitar da ni bayan shago, ya ajiye bulo, ya ce bismillah.

Ƙarar ta shiga har haƙorana. Amma bulon ya huje.

Na sayi giranda ma, injin nan mai faifai da ke yanka bango. Babba na nuna, ya ce ko zan yi masa kuka ba zai sayar mini da ita ba, ƙarama ita ce daidai hannuna. Ya haɗa mini da tabarau da takunkumin hanci. Ya ja mini kunne a kan abu biyu, kada in cire murfin da ke kāre faifan giranda, kada kuma in cire mariƙin gefe na injin huda. Na ce to. Na fito da kwali biyu a ka, maza suna matsa mini hanya.

Alhamis, da rana

Na auna kujerar a asibiti da tef ɗin ɗinkina. Na jira sai da Maigida ya rufe ido. Ban sani ba ko barci yake ko kuwa ya rufe ne don in auna.

Na ƙara rara saboda hannun mai murza taya, kamar yadda nake bar wa rigar yaro mai girma. Tafin hannu ɗaya da ɗan wani abu zan cire daga bangon.

Juma'a, da safe

Maƙwabcinmu mai walda ya shigo ya duba mini kankaren da ke saman ƙofar, don ba na son in rushe gidan da nake faɗa a kansa. Ya ce ya wuce gefen ƙofar sosai, abin da zan cire ba zai taɓa shi ba. Ya bi bangon ya nuna mini inda wayar wuta ta bi da inda bututun ruwa ya bi. Sannan ya ce, "Anti, ki bar mini, in na tashi daga aiki rabin yini ne."

Na ce na gode, in na kasa zan aiko. Ya san ba zan aiko ba.

Takalmin Maigida har yanzu yana bakin famfo, ƙafa ɗaya a kife, inda ya tsaya tun ranar da ciwon ya kayar da shi. Ina share gefensa in wuce.

Asabar, bayan la'asar

Na yanka.

Na cire ƙyauren, na ja layi a bango, na kashe wutar ɓangaren, na jawo waya daga falo. Da na kunna girandar sai da na sake kashe ta saboda tsoro, na tsaya ina kallonta. Sai na tuna ranar da na fara taka keken ɗinki mai lantarki, ya gudu da yadin mutane. Ba dannawa ake yi ba, bi ake yi. Na sake kunnawa, na bar faifan ya ci da kansa, kaɗan-kaɗan, daga wannan fuska sannan daga waccan. Sauran na ƙarasa da guduma da kurfi.

Ƙura kuwa ba a magana. Gashin girata ya yi fari, na zama kamar kakata. Matar mai walda ta leƙo ta katanga ta ce, "Lafiya kuwa, ko gidan ake tashi?" Na ce mata gyara ne, gidan yana nan daram.

Abin da ban gaya wa kowa ba, ina son ƙarar. Muddin injin yana kuka ba na jin komai, ba na jin maganar likita, ba na jin shirun gidan. Da na kashe sai komai ya dawo. Na zauna a kan tarin ɓaraguzai na yi kuka sosai, tabarau ya cika da ruwa. Ina kewarsa. Mutumin da ya shekara yana cewa gobe zai gyara mariƙin tagar kicin, yau ga matarsa ta fasa masa bango.

Lahadi, da safe

Kafaɗuna ba nawa ba ne. Gidansa zai dawo.

Talata, da yamma

Yaya ya zo ɗaukar wasu kayan Maigida, ya tarar da ni ina shafa siminti a gefen da na yanka. Ya tsaya a bakin ƙofa da farar rigarsa, ya rasa inda zai sa ƙafa.

Ya ce, "Me kike yi wa gidan ƙanina?"

Na ce, "Gyara masa nake yi, Yaya. Sannu da zuwa."

"Kin san abin da mutane suke faɗa? Ana cewa kin zauce. Mijinki yana kwance, ke kina nan kina fasa bango."

"Kullum ina wurinsa daga safe har azahar. Masu faɗa ban taɓa haɗuwa da su a can ba."

Sannan ya sassauta murya, wannan kuwa ya fi mini ciwo. Ya ce a gidansa akwai samari biyu masu ƙarfi, akwai mota a ƙofa, ɗakin baƙi yana ƙasa. Ya ce, "Wa zai ɗaga shi in ya faɗi? Ke?" Na ce ba zai faɗi ba, shi ya sa nake kafa ƙarfe. Ya ce in ji tsoron Allah. Na ce shi nake ji.

Da zai fita na ga ya tsaya a bakin famfo yana kallon takalmin. Ya daɗe. Ba mugu ba ne, na sani. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Laraba, da rana

Auta ta bugo daga makaranta. Ashe an riga an kai mata labari. "Umma, don Allah ki bari. Baffa yana da gaskiya, ke ma jikinki ba ƙwari ne da shi ba." Na ce ta karanta littafinta. 'Yar da na goya ce yau take auna mini ƙwarin jiki.

Alhamis

An ɗauke wuta tun safe. Na zauna da injin a cinya.

Asabar, da yamma

Ƙarfen dafawa ya kafu! Mai walda ya lanƙwasa mini bututu mai kauri, ya yi masa ƙafafu masu ramuka, wannan kam na yarda ya yi don ba ni da wutar walda. Kafawar tawa ce. Na manna salatif a kan tayil don kada bakin ya zame, na kashe maɓallin guduma, na bi a hankali har na wuce tayil, sannan na canza baki na kunna duka. Tayil ɗaya kawai na tsaga, shi ma a can ƙasa ne inda sai mai neman magana zai gani. Na cusa robobin da ke riƙe kusa a ramukan, na ɗaure kusoshi masu zare har suka daina motsi.

Na shigo daga ƙofa, na miƙa hannu, ƙarfen ya zo daidai tafina. Na rataya a jikinsa, na ɗage ƙafafuna duka biyu. Ko gezau. Na fita na sake shigowa, na sake kamawa. Na yi haka ban san sau nawa ba, ina dariya ni kaɗai kamar wadda Yaya ya faɗa.

Litinin, da azahar

Na nuna wa malamar asibiti da ke yi wa Maigida gashin ƙashi hoton a wayata. Ta yaba faɗin ƙofar. Sai ta juya hoton, ta sake juyawa, ta ce, "Hajiya, in mutum ya shigo, ƙarfen yana wane ɓangare?"

Na ce dama.

Ta kalle ni. Ta kalli gadon.

Litinin, da yamma

Dama.

Talata, da safe

Ba mantuwa na yi ba. Ni nake shafa wa wannan hannun nasa na dama mai kullum, ni nake ɗaga shi in ɗora a kan matashi, ni nake miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya su sake naɗewa. Na fi kowa saninsa. Amma da na tsaya a banɗaki da alli a hannu, mutumin da na gani yana shigowa shi ne wanda na sani, mai tura ƙofa da dama, mai miƙo mini mukulli da dama. Shi na auna wa. Jiya ban ci abinci ba saboda baƙin ciki.

Yau na koma wurin malamar. Ta ce kada in cire, ai in zai fito ƙarfen zai koma hagunsa. Abin da ya rage in kafa wani a ɗaya bangon, na shiga. Ashe ba ɓarna na yi ba, rabin aiki na yi. Duk wanda ya ce kuskure ne ya zo ya faɗa a gabana.

Alhamis, da yamma

Da hagu nake rubutu, shi ya sa ya zama kamar tafiyar kaza.

Bangon hagu yana da lungu, ramin ƙarshe ya faɗo dab da ginshiƙi, mariƙin gefe ya hana injin shiga. Na cire shi. Na ji muryar dattijon nan a kunnena, na cire duk da haka. Bakin ya shiga, ya shiga, sai ya ci karo da rodi a ciki ya maƙale. Bakin ya tsaya, injin ya juya, ya tafi da wuyan hannuna.

Babu karaya, targaɗe ne. An naɗe. Mai walda ya kawo ni gida a bayan mashin ɗinsa, duk hanya bai ce ai na gaya miki ba, amma bayansa ya faɗa.

Juma'a, da safe

Na gwada ɗaura zani da hannu ɗaya. Na gwada buɗe kwalba. Na gwada matse man goge baki a kan buroshi, buroshin ya gudu.

Haka yake ji ke nan, kuma nasa ba na mako ɗaya ba ne.

Asabar, da rana

Na matsar da ramin nesa da ginshiƙin, na mayar da mariƙin gefe. Mai walda ya riƙe injin, ni na nuna wuri na kuma ɗaure kusoshin da hagu. An gama. Ƙofa ta faɗaɗa, ƙarfe biyu, dakalin shiga gida na kwantar da shi da siminti ya zama gangara. Na wanke ƙura, na canza zanin gado, na ɗauke takalmin daga bakin famfo na haɗa shi da ɗan'uwansa na goge.

Lahadi, da azahar

Kwana uku ina ɓoye hannun a cikin mayafi. Yau da na sunkuya gyara masa matashi mayafin ya zame. Ya ga bandejin. Ya ga farcena da suka farfashe, da inda siminti ya cinye mini fata. Na ce masa ba komai ba ne, ƙofa ce ta datse ni. Ya daɗe yana kallo, bakinsa yana motsi, maganar ta ƙi fita kamar kullum. Daga nan ya juya fuska bango har na tafi.

Sallama jibi.

Talata, da yamma

Sun tafi da shi.

Laraba, da safe

Ba haka aka yi ba, bari in rubuta gaskiya.

A bakin motar Yaya muka tsaya, Maigida yana kan kujerar a tsakiyarmu. Na buɗe waya na nuna musu hotuna, ƙofar, ƙarafan, gangarar. Yaya ya kalla da kyau, ya ce aiki ya yi, bai zata ba. Sannan ya ce, "Ni da ke mun yi ta ja. Ga mai jikin nan, a tambaye shi." Na ce a tambaye shi mana! Har murmushi na yi.

Yaya ya durƙusa ya ce, "Gidanka, ko wurina?"

Bai kalli Yaya ba. Hannuna ya kalla. Sannan ya ɗaga hagunsa ya dafa kafaɗar wansa.

Ban yi kuka a gabansu ba. Ni na naɗe kujerar na sa a bayan mota, da hannu ɗaya, na hana kowa taya ni.

Laraba, da yamma

Na shiga banɗaki na fita. Ƙofar tana da faɗi sosai.

Alhamis

Ina jin haushinsa. Na rubuta, ba zan goge ba.

Asabar, bayan la'asar

Na je gidan Yaya da safe da kwalin injin a ka. Matarsa ta tarbe ni da fara'a har ta ga kwalin. Na gaisa, na wuce ɗakin baƙi. Samarin nan biyu masu ƙarfi ɗaya ya tafi aiki, ɗaya yana barci. Na leƙa banɗakin, faɗi kam akwai, tayil yana ta ƙyalli, amma babu abin da mutum zai kama ko da tsinke. Tun da aka kawo Maigida ɗaukarsa ake yi a kai shi a dawo da shi kamar buhu, sai kuma ya jira wani ya farka.

Matar Yaya ta ce, "Ai wannan tayil ɗin daga waje aka kawo shi." Na ce na iya tayil. Ta tafi kiran mijinta. Yaya ya zo ya tsaya a ƙofa, ya kalli injin, ya kalli ƙaninsa, ya kalle ni. Na shirya masa amsoshi tun a hanya. Bai ba ni damar amfani da ko ɗaya ba, sai ya ce wa matarsa ta kawo doguwar waya daga sito.

Na tura Maigida a kujerar zuwa banɗakin, na rufe mana ƙofa. Na durƙusa a gabansa na ce, "Me ya sa?"

Ya kamo hannuna mai bandeji da hagunsa. Ya yi ta fama, jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa yana rawa. Na jira. Da ƙyar ta fito, a karkace, amma na ji ta.

"Huta."

Kalmar da ya fara faɗa mini ke nan tun ranar. Na kifa goshina a gwiwarsa na jima a haka. Da na ɗago na ce masa to, na ji, zan huta.

Sannan na ce ya ɗaga hannunsa ya ɗora a bango, inda zai fi masa daɗin kamawa. Ya harare ni, hararar nan tasa da na sani. Na ce ina jira, yau ba ni da wani aiki.

Ya ɗora.